Motsin Rai na Ɗa'a da Tasirin Al'ada a Ciwon Waswasi

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana da ma'aunin da take auna halin kirki da shi, kuma tun yaro yana ƙarami ake cusa masa wannan ma'auni har ya zame masa jiki. Da shi ne yake jin kunya idan ya yi abin assha, ya yi nadama idan ya cuci wani, ya kuma ƙyamaci ƙazanta da alfasha. Waɗannan abubuwa da zuciya take ji su ne ginshiƙin tarbiyya. Sai dai akwai wata larura da takan kama waɗannan kyawawan halaye ta mayar da su abin azabtar da mai su, wato ciwon waswasi. A wannan babi za a bayyana ma'anar ciwon, da yadda yake cuɗanya da zargin kai da kunya da ƙyama, da kuma irin rigar da al'adu daban-daban suke sanya masa. Daga nan sai a dubi abin da ya wajaba a kan malamin makaranta, domin shekarun da ciwon ya fi ɓulla su ne shekarun da yaro yake hannun malamai.

2.0 Ma'anar Waswasi

Kalmar waswasi, wadda wasu kan furta wasiwasi, ararriya ce daga Larabci, inda tushenta yake nufin raɗa ko ƙaramar murya mai maimaituwa. Ta shigo Hausa ta hanyar karatun addini, musamman da yake ta zo a Suratun Nasi wadda kusan kowane yaro Musulmi yake haddacewa tun yana ƙarami. A bakin Bahaushe kalmar tana da matakai uku. Mataki na farko shi ne kokwanto na yau da kullum, kamar mutum ya ce yana waswasin wata tafiya. Na biyu shi ne shakkar da take shiga ibada, wadda ake jingina wa Shaiɗan. Na uku, wanda shi ne abin nazari a nan, shi ne ciwon da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, suke kuma taƙaita sunansa da haruffan OCD.

Ciwon yana da ɓangarori biyu. Akwai tunani mai naci, wato wani tunani ko hoto ko shakka da yake faɗo wa mutum ba da son ransa ba, ya tayar masa da hankali, ya kuma ƙi tafiya. Sa'annan akwai aikin tilas, wato abin da mutum yake maimaitawa domin ya sami sauƙin wannan tashin hankali, kamar wanke hannu, ko duba ƙofa, ko ƙirge, ko maimaita wata kalma a zuci, ko yawan tambayar mutane su tabbatar masa cewa bai yi laifi ba. Likitoci ba su kiran abin ciwo sai ya kai yana cin lokaci mai yawa, misali fiye da awa 1 a kowace rana, ko yana hana karatu da sana'a da zaman lafiya da iyali.

Abubuwan da ciwon ya fi kewayawa a kansu huɗu ne: tsoron ƙazanta da yawan wanki, tsoron jawo ɓarna da yawan dube-dube, son daidaito da jera kaya da ƙirge, sai kuma munanan tunane-tunane da suka shafi saɓo ko batsa ko cutar da wani. Bincike ya nuna cewa kimanin mutum 2 cikin 100 ne suke gamuwa da ciwon a tsawon rayuwarsu. Yawanci yakan fara ne wajen shekara 19 zuwa 20, amma kusan kashi 25 cikin 100 na masu shi sun fara kafin su wuce shekara 14, kuma ya fi saurin kama yara maza da wuri. Idan aka bi wannan lissafi, a makarantar da take da ɗalibai 1,000 ana iya samun kimanin 20 da za su yi fama da shi a wani lokaci na rayuwarsu.

A da ana lissafa ciwon a cikin cututtukan fargaba. A shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware masa babi na kansa a kundinta, haka ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a sabon kundin cututtuka da ya fara aiki a 2022. Ɗaya daga cikin abubuwan da masana suka lura da su shi ne, abin da yake ingiza mai ciwon ya wuce tsoro kawai. Sau da yawa zargin kai ne, ko ƙyama, ko jin cewa abu bai cika daidai ba.

3.0 Motsin Rai na Ɗa'a

Abin da ake nufi da motsin rai na ɗa'a shi ne duk wani abu da zuciya take ji dangane da kyau ko munin hali. Masanin halayyar ɗan'adam Jonathan Haidt, a wani rubutu da ya yi a 2003, ya kasa su gida huɗu. Akwai masu hukunta wani, wato fushi da raini da ƙyama. Akwai masu hukunta kai, wato zargin kai da kunya da jin nauyi. Akwai tausayi, wanda wahalar wani take tayarwa. Akwai kuma masu yabon wani, kamar godiya. Guda uku daga cikinsu ne suka fi shiga ciwon waswasi.

3.1 Zargin Kai da Ɗaukar Alhaki

Hausa ba ta tattara wannan yanayi a kalma guda ba, ta rarraba shi ne a kalmomi da dama: nadama, da-na-sani, ganin laifin kai, da kuma alhaki. Kalmar alhaki tana da muhimmanci, domin ta haɗa ma'anar nauyin da aka ɗora wa mutum da ma'anar zunubin da zai hau kansa idan wani ya cutu ta dalilinsa. Mai lafiya yakan ji wannan nauyi ne bayan ya aikata laifi, shi ya sa ake cewa da-na-sani ƙeya ce. Mai waswasi kuwa yana jin sa tun kafin kome ya faru, har ma a kan abin da ba zai taɓa faruwa ba.

A shekarar 1985 Paul Salkovskis na ƙasar Ingila ya bayyana cewa cibiyar ciwon ita ce kumburar jin alhaki. Mai ciwon yana ganin duk wata ɓarna da zai iya hanawa, kome ƙanƙantar yiwuwarta, idan ta auku to a wuyansa take. A ƙaddara wata ɗaliba ta ga fasasshiyar kwalba a hanyar makaranta ta wuce. Wata za ta manta nan take. Ita kuwa sai ta kwana tana lissafin yaron da zai taka, da jinin da zai zuba, da alhakin da za ta ɗauka, har gobe ta koma tana tsince duk wani abu mai ƙyalli a kan hanya.

Masu bincike a Italiya, ƙarƙashin jagorancin Francesco Mancini, sun ƙara rarrabe zargin kai gida biyu. Akwai wanda yake tasowa daga tausayin wanda aka cuta, akwai kuma wanda yake tasowa daga karya doka ko umarnin wanda ya isa, ko da ba a cuci kowa ba. Sakamakonsu ya nuna cewa nau'i na biyu ne ya fi alaƙa da waswasi. Wannan ya yi kusa da bambancin da Bahaushe yake yi tsakanin shiga haƙƙin wani da aikata saɓo.

3.2 Kunya

Tun daga aikin Helen Block Lewis na 1971 masana suke bambanta zargin kai da kunya ta wannan fuska: zargin kai yana hukunta aiki, kunya tana hukunta mutum ɗungurungum. Mai zargin kai yana cewa ya yi abu mara kyau, sai ya nemi gyara. Mai jin kunya yana cewa shi ne mara kyau, sai ya nemi ɓuya.

A al'adar Hausawa kunya tana da fuska biyu. Fuska ta farko ado ce. Ita ce take hana uwa kiran sunan ɗan fari, take sa mutum ya kauce wa cin abinci a gaban surukai. Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki a idon Bahaushe, ya lissafa ta cikin halaye goma, tare da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Fuska ta biyu ita ce ta abin kunya, wato zubewar mutunci idan asiri ya tonu. Wannan fuska ce ciwon waswasi yake fakewa a bayanta. Saurayin da hoton batsa yake faɗo masa a tsakiyar salla, ko mai jegon da tunanin yar da jaririnta yake faɗo mata, da wuya su buɗe baki su faɗa wa kowa. Suna tsoron a ce musu fasiƙai ko mahaukata, iyaye kuma suna tsoron abin ya shafi auren 'ya'yansu. Saboda haka a ƙasashe da dama masu ciwon sukan shafe shekaru masu yawa kafin su isa gaban likita.

3.3 Ƙyama

Asalin ƙyama kariya ce ga jiki daga ruɓaɓɓen abinci da kashi da mushe. Paul Rozin da abokan aikinsa sun nuna yadda al'ummomi suka faɗaɗa ta har ta shafi halaye. Harshen Hausa shaida ne a kan haka, domin ana cewa ƙazamin hali, da ƙazamar riba, da wanke kai daga zargi, da wanke zunubi, da farar zuciya. Duk waɗannan kalmomin tsaftar jiki ne aka ara domin bayyana tsaftar hali.

Stanley Rachman ya bayyana wani yanayi da ya kira ƙazantar zuci, inda mutum yake jin dauɗa a cikin jikinsa ba tare da ya taɓa kome ba. Mummunan tunani, ko tuna wani cin zarafi da aka yi masa, ya isa ya tayar da ita. Irin wannan mutum yakan yi ta wanka amma ba ya jin ya tsarkaka, saboda sabulu ba ya kaiwa inda dauɗar take. Ƙyama kuma ta fi tsoro jinkirin gushewa, shi ya sa jinyar mai irin wannan waswasi take bukatar ƙarin haƙuri.

4.0 Yadda Tarkon Yake Kamawa

Munanan tunane-tunane suna faɗo wa kusan kowa. A 1978 Rachman da Padmal de Silva sun gano cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na mutane masu lafiya suna samun irin tunanin da masu waswasi suke kuka da shi. A 2014 Adam Radomsky da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban jami'a 777 a ƙasashe 13, ciki har da Saliyo da Iran da Turkiyya, suka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 sun sami irin wannan tunani a cikin wata uku da suka gabata. Ke nan bambancin mai lafiya da mai ciwo yana wajen fassarar da kowannensu yake yi wa tunanin.

Ga yadda abin yake tafiya. Tunani ya faɗo. Mutum ya fassara shi da cewa alama ce ta muguntarsa, ko kuwa gargaɗi ne na ɓarnar da za ta hau kansa. Wannan fassara ta tayar da zargin kai ko kunya ko ƙyama. Sai ya yi aikin tilas, ya sami sauƙi na ɗan lokaci. Wannan sauƙi kuwa shi ne ƙugiyar, domin ƙwaƙwalwa ta koyi cewa aikin ne ya kuɓutar da shi, ba ta sami damar gane cewa ko bai yi ba babu abin da zai faru. Gobe idan tunanin ya dawo, bukatar aikin ta fi ta jiya ƙarfi.

Abubuwa biyu suke ƙara ɗaure tarkon. Na farko shi ne haɗe tunani da aiki, wanda Roz Shafran da abokan aikinta suka auna a 1996. Mai ciwon yakan ɗauka cewa tunanin laifi daidai yake da aikata shi, ko kuma tunanin masifa yana jawo aukuwarta. Na biyu shi ne ƙoƙarin danne tunani. Daniel Wegner ya gwada haka a 1987, inda ya umarci mutane kada su yi tunanin wata farar dabba, sai ga shi ta yi ta faɗo musu, daga baya ma ta fi yawaita a zukatansu. Mai gadin zuciyarsa don kada wani tunani ya shigo, dole ne ya riƙa tuna abin da yake gadi.

Wannan bai kore rawar da halitta take takawa ba. Nazarin tagwaye ya nuna akwai gado a cikin ciwon, hotunan ƙwaƙwalwa kuma sun nuna yawan aiki a wata da'ira da ta haɗa gaban ƙwaƙwalwa da wasu sassa na can cikinta, wadda take da hannu wajen gano kuskure da sanar da cewa aiki ya kammala. Ke nan halitta ce take samar da ƙasar da ciwon yake tsira a kai, tarbiyya da al'ada kuma su zaɓi irin da za a shuka.

5.0 Tasirin Al'ada

A 1994 Myrna Weissman da abokan aikinta sun kwatanta yawan ciwon a wurare bakwai, ciki har da Amurka da Kanada da Jamus da Koriya. Sun tarar adadin ya yi kusa da juna, wajen kashi 2 cikin 100, in ban da Taiwan inda ya yi ƙasa. Abin da yake sauyawa daga al'umma zuwa al'umma shi ne abin da tunanin yake magana a kai. Ciwon yakan nufi abin da mutum ya fi darajantawa ne ya kafa shakka a kansa.

5.1 A Tarihin Kiristocin Turai

Kafin likitoci su karɓi batun, malaman coci ne suke fama da shi. Sun kira shi da wata kalmar Latin da take nufin ƙaramar tsakuwa mai kaifi, irin wadda take shiga takalmi. Martin Luther, lokacin da yake zaman zuhudu a Jamus, yakan shafe awoyi yana iƙirarin ƙananan laifuffuka a gaban shugabansa. Ignatius na Loyola ya yi irin wannan fama a garin Manresa na ƙasar Sifen a 1522. John Bunyan na Ingila ya rubuta tarihin kansa a 1666, inda ya bayyana yadda tunanin saɓo ya yi ta bibiyarsa ba da son ransa ba. Maganin da malaman cocin Katolika suka tsayar shi ne mai larurar ya riƙe jagora guda, ya bi umarninsa, ya daina maimaita iƙirarin abin da ya riga ya wuce.

5.2 A Wajen Malaman Musulunci

Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya keɓe wa waswasi babi a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus. Ya ɗauke shi a matsayin ciwo mai bukatar magani, ya kuma ba da shawarar guje wa kaɗaici da zaman banza. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 1201, da Ibnu Ƙudama, wanda ya rasu a 1223, sun yi rubutu a kan masu maimaita niyya da masu ɓarnar ruwa wajen tsarki, suka nuna cewa wannan ya saɓa wa koyarwar addini.

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Ahalari da Risala, sun tanadi hukunci na musamman. A wannan mazhaba, wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye zai sake ta. Amma an keɓe wanda shakka ta zame masa jiki, wanda malamai suke kira mustankihi, wato wanda take zo masa kullum ko da sau ɗaya ne a rana. Shi an umarce shi ya yi watsi da shakkar. Idan a salla ta same shi, ba zai kawo abin da yake kokwanto a kai ba, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Haka kuma ingantattun hadisai sun zo da ma'anar cewa ba a kama mutum da abin da zuciyarsa ta raya masa muddin bai furta ba bai kuma aikata ba, da kuma cewa ƙin irin wannan tunani alama ce ta imani. Idan aka lura, waɗannan hukunce-hukunce sun sari tarkon a gaɓoɓinsa biyu: sun raba tunani da aiki, sun kuma hana aikin tilas.

5.3 Binciken Zamani

A Masar, Ahmed Okasha da abokan aikinsa sun nazarci majinyata 90 a 1994, suka tarar kashi 60 cikin 100 suna da waswasin addini, kashi 60 kuma na ƙazanta. A Indiya, binciken Salman Akhtar na 1975 ya nuna tsoron ƙazanta ne ya fi yawa, abin da aka danganta da dokokin tsarki na al'ummar. A birnin Ƙudus, David Greenberg da Eliezer Witztum sun tarar waswasin Yahudawa masu tsananin riƙo da addini ya fi karkata ga addu'a da tsarki da dokar raba nama da madara. Adam Cohen da Rozin kuma sun nuna a 2001 cewa a Amurka Kiristoci 'yan Furotesta sun fi Yahudawa ɗaukar mummunan tunani a matsayin laifi, saboda bambancin koyarwar addinan biyu a kan abin da yake cikin zuciya.

Zamani ma yana da nasa tasiri. Bayan ɓullar cutar ƙanjamau a shekarun 1980 an sami masu waswasin kamuwa da ita, haka kuma annobar korona ta 2020 ta tsananta wa wasu masu yawan wanke hannu. Darasin da ake ɗauka daga duk wannan shi ne addini ko al'ada ba su ne suke haifar da ciwon ba. Wanda ba ya bin kowane addini ma yakan kamu, sai dai nasa waswasin ya koma kan ƙwayoyin cuta ko makullin ƙofa ko tsoron zama azzalumi.

6.0 Bambancin Tsantseni da Ciwo

Al'ummar da take girmama tsafta da ibada tana iya yaba wa mai ciwo a matsayin mai tsoron Allah, har ciwon ya yi nisa ba a farga ba. Akwai alamomin da suke taimakawa wajen rarrabewa:

(a) Mai tsantseni yana tsayawa inda malamai suka tsaya, mai ciwo yana wuce iyakar da addininsa ya gindaya.

(b) Mai ciwo yakan maƙale wa ƙaramin ɓangare guda har babban ya kuɓuce masa, kamar wanda ya tsaya maimaita alwala har lokacin salla ya fita.

(c) Ibadar mai tsantseni tana kawo masa natsuwa, ta mai ciwo tana ƙarewa da gajiya da kuka.

(d) Mai tsantseni idan ya yi tambaya aka ba shi amsa ya gamsu. Mai ciwo yakan dawo da tambayar gobe, ko ya kai ta wajen wani malami.

Ya kamata kuma a bambanta waswasi da hauka. Mafi yawan masu waswasi sun san abin da suke yi ya wuce kima, kuma tunanin da yake damunsu kishiyar halinsu ne. Abin da suke tsoro shi ne abin da suka fi kowa nisa da aikatawa.

7.0 Magani

Ciwon waswasi yana jin magani. Hanya ta farko ita ce horon tunkara da kame kai, wanda Victor Meyer ya fara gwadawa a Landan a 1966. Ana sa majinyaci ya tunkari abin da yake tayar masa da hankali daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, sa'annan ya kame daga aikin tilas har damuwar ta lafa da kanta. Hanya ta biyu ita ce magungunan da suke aiki a kan sinadarin sirotonin na ƙwaƙwalwa, waɗanda likita ne kaɗai yake rubutawa, kuma sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu. Idan waswasin ya shafi ibada, an fi samun nasara idan likita ya yi aiki tare da malami ko limami ko fasto wanda majinyacin ya yarda da shi, domin a tabbatar masa cewa horon bai taka dokar addininsa ba.

A arewacin Nijeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, ban da sassan da suke asibitocin koyarwa. A watan Janairu na 2023 aka sanya hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutunci da sirrin majinyata.

8.0 Nauyin da Yake kan Malami

Gano ciwo da ba da magani aikin likita ne. Aikin malami shi ne lura da kyautata mu'amala da nuna hanya. Daga cikin alamomin da zai iya gani akwai ɗalibin da yake goge rubutu har takarda ta huje, da wanda yake maimaita karanta layi guda har lokacin jarrabawa ya ƙare, da wanda yake daɗewa a wurin alwala ko bayan gida, da mai tsattsagewar fatar hannu, da mai yawan neman gafara a kan abin da bai kai laifi ba.

Idan malami ya ga haka, bulala da gori ba su da amfani, domin suna ƙara kunyar da take ciyar da ciwon. Kada ya bari 'yan aji su laƙaba wa yaron suna. Ya keɓe da shi ya saurare shi, idan kuma yaron ya faɗi wani mummunan tunani, kada fuskar malami ta nuna firgita, tun da labarin zuciya a tambayi fuska. Ya riƙe sirrin a matsayin amana. Ya kuma kiyayi zama wurin neman tabbaci, wato ya amsa tambaya sau ɗaya a natse, ya daina maimaitawa, domin yawan tabbatarwa shi ma aikin tilas ne da aka ɗora wa wani. Sa'annan ya tuntuɓi jami'in ba da shawara na makaranta da iyaye cikin ladabi, ya nuna musu cewa addu'a da zuwa asibiti ba su cin karo da juna. Idan ɗalibi ya ambaci gajiya da rayuwa ko kashe kansa, wannan ba abin jinkiri ba ne, a sanar da iyaye da hukumar makaranta a ranar, a kuma kai shi ga likita.

Malamin Hausa yana da wata dama ta daban, domin harshen da kansa ya raba tunani da mai tunani. Ana cewa tunani ya faɗo mini, zuciyata ta raya mini, zuciya ta saƙa mini. A duk waɗannan jimloli mai magana ba shi ne aikau ba, abin zuwa ya yi ya same shi. Idan kuwa aka ce na yi niyya, ko na ƙudurta, ko na aikata, mai magana ne aikau. Darasin nahawu ko insha'i da ya fito da wannan bambanci yana iya sauke wa wani ɗalibi nauyin da ya daɗe yana ɗauke da shi a ɓoye.

9.0 Kammalawa

An ga cewa ciwon waswasi ya ƙunshi tunani mai naci da aikin tilas, kuma zargin kai da kunya da ƙyama su ne suke hura wutarsa. An ga kuma cewa yawansa kusan ɗaya ne a tsakanin al'ummomi, al'ada ce take zaɓa masa abin da zai yi magana a kai, take kuma yanke ko mai shi zai nemi taimako ko zai ɓoye. Malaman addini na da da likitocin yau sun haɗu a kan cewa ba a kama mutum da abin da ya faɗo masa a zuci, kuma biye wa shakka ƙara mata ƙarfi yake yi. Malamin da ya san haka zai ci gaba da koyar da kunya da tsafta da riƙon amana, tare da lura da ɗalibin da waɗannan halaye suka zame masa ƙunci.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana matakai uku na ma'anar kalmar waswasi a Hausa, tare da misalin jimla ga kowane mataki.

2. Mene ne bambancin zargin kai da kunya? Wanne ne ya fi hana mai ciwo neman magani, kuma don me?

3. Kawo kalmomi ko maganganun Hausa biyar da aka aro daga tsaftar jiki domin bayyana tsaftar hali.

4. Yi bayanin hukuncin mustankihi, ka kwatanta shi da horon tunkara da kame kai.

5. A ƙaddara wani ɗalibinka yana makara kullum saboda maimaita alwala. Tsara matakan da za ka bi domin taimaka masa.